Kitson Hankali Kwance

Alhaji Tambari, mai atamfa a babbar kasuwar Sakkwato, yana da 'ya'ya mata biyu da ba ya kama sunansu a bainar jama'a. Ta farko kunya ce ta hana shi, ta biyu kuwa tsoro.

Ta farkon ita ce Lailatu, 'yar fari. Kowa ya san yadda mutanen Sakkwato suke da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, in ma wani ya yabe shi a gabanka sai ka kawar da kai kamar ana zancen ɗan maƙwabta. Shekara da shekaru Alhaji yana haɗiye alfaharinsa. Yarinya ta yi ta ɗaya a firamare, ya yi shiru. Ta wuce Zariya, ya yi shiru. Ta bi mijinta Ingila, mijin ya gama nasa karatun, ita kuwa sai ƙara nutsewa take yi cikin binciken ƙwaƙwalwar ɗan Adam, nan ma bai ce uffan ba. Sai da Turawa suka maƙala mata "Dakta" sannan Allah ya kawo masa sauƙi. Ai Dakta ba suna ba ne. Ba shi ya raɗa mata ba, ba a yanka rago a kansa ba, saboda haka babu al'adar da ta hana shi faɗa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Tun daga ranar, in ka taya turmin atamfa a rumfarsa, sai ka ji abin da Dakta ta ce kafin ka ji ko ya sallama.

Ta biyun ita ce Mariyatu, auta. Tana ƙarama ta yanke jiki ta faɗi a makarantar allo, tana shure-shure, kumfa na fita a bakinta. Yara suka watse, domin an gaya musu yawun mai farfaɗiya in ya taɓa ka, ka ɗauka. Alhaji ya san abin da ke biyo baya. Ba mai cin abinci kwano ɗaya da ita, ba mai zama tabarma ɗaya da ita, ba mai zuwa neman aurenta. Ya sa aka ce wa mutane zazzaɓi ne ya hau mata kai, sannan ya mayar da ita ɗakin da ke can ƙuryar gidansa na unguwar Gidan Dare. An sha rubutu, an yi turare, an kawo saiwoyi tun daga Gobir har Zabarma. Ciwo ya tafi ya dawo yadda ya ga dama. Yarinya ta girma a tsakar gida, ta zama budurwa ba ta san yadda bakin titinsu ya koma ba. Alhaji yana sonta so mai ciwo, kuma duk inda yake a duniya, ko yana Makka, ya san daidai inda take zaune.

Dakta ta dawo gida a lokacin da kuɗin fetur ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa aljihun sa shi. Gwamnan soja ya ji an ce akwai injin da ke rubuta motsin ƙwaƙwalwa, kuma ga 'yar gari da ta san kansa. Bai tsaya tambayar amfaninsa ba, ya ce a sayo. Motocin siminti suka yi ta sauke kaya daga Kalambaina, kafin damina ta wuce an tsayar da ɗaki a gefen asibiti, an girke inji a ciki. Ya fi kabad girma, kuma ba ya ɗaukuwa. Mai son a duba shi, dole ya taka ya zo.

Alhaji ya sa babbar rigarsa ya je gani da ido. Ya tarar da wani lebura kwance a gado, kansa tal da sabon aski, an manna masa wasu 'yan ƙarafan azurfa kamar anini, kowanne da siririyar waya. Can gefe alƙaluman inji suna ta zane a kan doguwar takarda mai tafiya da kanta.

"Shin wuta kika sa mai ga kai?" in ji Alhaji, yana ja da baya.

Dakta ta yi dariya. "A'a Baba, saurare ɗai wayoyin ga ka yi. Ƙwaƙwalwa kasuwa ta. Ga 'yan hatsi, ga 'yan tuhwahi, ga mahauta, kowa da rumhwatai, kuma kowa na aika ma wani saƙo dare da rana. Ni hanyoyin da saƙon ka bi nika bincike. In mutum na lahiya, hayaniyak kasuwa ɗai za ka gani bisa takarda. Hwarhwaɗiya kau awa wani ya tashi cikin rumhwa guda ya yi ihun wuta. Na kusa shi kama, na gaba shi kama, kahin ka ce mi kasuwa duk ta kwashe da gudu. In nig gano rumhwad da ihun ka tashi, na san maganin da zan ba."

Da ta ambaci farfaɗiya ta dube shi. Alhaji ya duƙa yana gyara takalminsa, alhali babu abin da ya samu takalmin. Ya koma kasuwa ya ba da labarin inji har sai da maƙwabtansa suka haddace.

Aiki ya yi ta tafiya sumul muddin maza ne ke zuwa, domin wanzamai sun riga sun yi wa Dakta rabin aikinta. Da mata suka fara zuwa sai aka ga ta kansu. 'Yan ƙarafan nan dole su zauna a kan fatar kai, kuma a wuraren da aka auna, ba inda aka ga dama ba. In an bar mace da kitsonta, tsagar ba ta faɗo inda ake so ba, ga man shanu ya hana abu mannewa. In an tsefe, gashi ya miƙe ya ture ƙarafan. Alƙaluma sai su yi ta zanen shirme. Dakta ta koma littattafan da ta zo da su, ta tarar shawararsu ɗaya ce, a aske. A aske wa macen Sakkwato kai! Wanda ya rubuta wannan, ko shakka babu, bai taɓa zama da mace mai gashi irin namu ba. A nan ta gane wani abin da ya ɓata mata rai. Kusan duk abin da aka rubuta game da ƙwaƙwalwar mutanen wannan yanki, daga kan maza aka ɗauko shi. Matan ba wanda ya taɓa jin tasu hayaniyar.

Ita kuwa kafin ta zama Dakta 'yar Hajiya Balaraba ce, kuma babu 'yar Hajiya Balaraba da ba ta iya kitso ba. Ta samo tef irin na tela da tsinken tsaga. Ta zaunar da Rifkatu, nas ɗin da ke taimaka mata, 'yar Kagoro mai haƙuri da yawan gashi. Ta auna daga karan hanci zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, ta yi alama. Ta kitsa ta tsefe, ta kitsa ta tsefe, har Rifkatu ta ce kanta ya zama gonar gwaji. A ƙarshe ta fitar da wani kitso wanda tsagoginsa ke gittawa da juna, kuma duk inda biyu suka haɗu, nan ne mazaunin ƙarfe ɗaya. Aka wanke kai da sabulu, ba a sa mai ba, aka manna wayoyi. Zane ya fito tsaf kamar na mai sabon aski.

Labari ya isa kasuwa, amma ya isa a karkace. Wanda ya kawo shi Alhaji Siddiƙu ne, mai rumfar da ke jikin ta Alhaji Tambari, kuma taubashinsa, saboda haka yana da lasin tsokana tun daga haihuwa.

"Tambari, ashe kitso anka tura ɗiyag ga koyo Ingila?" ya faɗa da ƙarfi yadda 'yan layi za su ji. "An ce tana nan zaune bisa tabarma cikin asibiti, kan mata tsakanin ƙahwahunta. Da kun hwaɗi tun hwarko, ai ga masu kitson Tudun Wada nan kusa, kuma ba a shiga jirgi."

Layin 'yan atamfa ya kwashe da dariya. Kafin azahar an raɗa wa Alhaji sabon suna, Baban Mai Kitso. Mutumin da ya raɗa wa atamfofi sunaye fiye da yadda zai iya tunawa, yau shi aka raɗa wa, kuma sunan ya zauna daram. Ya daure na wasu makonni. Da abin ya ishe shi, wata ranar Laraba bayan la'asar ya rufe rumfa ya nufi asibiti da fushinsa, yana shirya maganganun da zai faɗa.

Ya tarar da benci wayam. Babu mace ko ɗaya. Dakta na zaune ita kaɗai gaban inji, ta rafka tagumi. Fushin Alhaji ya rasa inda zai sauka.

"Ina mutanenki?" ya tambaya.

"Sun daina zuwa, Baba."

Ta shimfiɗa masa takardu biyu, ɗaya ta shirme, ɗaya mai zane tsaf, ta ce kitson ya yi aiki fiye da yadda ta zata. Matsalar ita ce babu irinsa a gari. Wata malamar makaranta da aka duba ta je suna washegari, ɗankwalinta ya zame, wata ta gane kitson asibiti ne. Nan take mata suka janye kwanukansu daga gabanta, aka kira yara aka riƙe. Labari ya zaga gidaje. Yanzu duk wadda aka gani da wannan tsaga, an san abin da ke damunta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

"Ni ma shi ag ga kaina," in ji Dakta, ta ɗan ɗaga gefen ɗankwalinta. "Amma ni kowa ya san aikina na, ba ya hana su tsoro." Sannan ta faɗi abin da ta daɗe tana kewayawa. "Baba, ka ba ni Mariyatu."

Alhaji ya ji kamar an taka masa gyambo. "In ta hito da kitson ga, gari duk ya karanta kanta kahin injinki shi karanta. Shekarun da niy yi ina ruhe ta, ki buɗe min su rana guda?"

"Ranad da taf hwaɗi ina gida, na zo hutu," in ji Dakta a hankali. "Ni nid ɗauko ta, yawunta duk ya jiƙa min riga, ga ni ban ɗauki komi ba. Don ita niy yi karatun ga, Baba. Ba don gwamna ba, ba don Turawa ba."

Alhaji ya juya. Ya fito jikinsa a sanyaye. Kunya ta kama shi, shi da ya zo faɗa a kan sunan da 'yan kasuwa suka raɗa masa, alhali yarinyar nan abin da ke ranta daban ne. Amma tsoron ma bai sake shi ba. Ya san garinsa, ya san bakin mutanensa, kuma ya san 'yarsa ba za ta iya jure a janye kwano daga gabanta ba.

Washegari da hantsi Uwani ta zo rumfa. Tsohuwar dillaliya ce mai shiga gidajen kulle da ƙunshin atamfa a ka, babu zauren da ba ta san abin da ke bayansa ba. Ta dire ƙunshi ta zaro wasu turame ta tura masa.

"Karɓi kayanka, Alhaji. Na kai ta gida nawa, ba wadda tat taya. Ba ta da suna. Kai ka hi ni sani, mata ba su sayen zane marar suna."

Gaskiyarta. Atamfa ko ta kai wace kyau, in ba a raɗa mata suna ba, tsumma ce. Shi ne ya sa wa wata Fetur Ta Zo, ta ƙare a mako guda. Shi ne ya sa wa wata Gwamna Ya Yi Murmushi, har daga Gusau aka zo nema. Wannan kuwa ya manta bai raɗa mata suna ba. Ya warware ta a kan gwiwarsa. Shuɗiya ce, da fararen layuka suna gittawa da juna, kuma duk inda biyu suka haɗu akwai ɗan ɗigo.

Ya daɗe yana kallon ɗigogin nan. Uwani ta yi gyaran murya, bai ji ba. Can ya ɗago, idonsa na ƙyalli irin na ɗan kasuwan da ya hango ciniki tun daga nesa.

"Uwani, yaushe rabonki da kitso?"

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Alhaji, lahiya? Ni da jikoki?"

"Zamna ki ji. Atamhwag ga sunanta Hankali Kwance. Kuma ba ta tahiya ita ɗai, da kitsonta ta zo. Kitson kau ba a yin shi da ka, da tef aka auna shi, awa yadda aka yi Ingila. Ranaf hwarko ba a sa mai mai, sai a wanke kai tas, in ba haka ba tsagar ba ta hita. Ke za a hwara yi ma. Ki kai ma manyan gidaje ukku ko huɗu, waɗanda ad da biki gaba. Duk wadda tat tambaya bayansu, ki ce ta ƙare."

"To ai ga ta nan jibge."

"Ta ƙare, nic ce."

Uwani ta yi murmushin wadda ta gane karatu. Da ɗan gari akan ci gari.

Da ya kai wa Dakta maganar, ta dube shi da shakka. Ita mutuniyar awo da hujja ce, dabarun kasuwa ba su cikin littattafanta.

"Baba, ƙarya za mu yi ma mutane?"

"Wace ƙarya? Ba Ingila kinka koyi awon ba? Ba a wanke kai? Ke kin san cikin kai, ni na san bisanai. Ba ni iya hana mutane tsoron ciwo, amma ina iya sa kitson ga shi yi yawa hat a kasa gane mai ciwo da mai gayu. Ki koya ma masu kitson gari, ki bar min sauran."

Tana cikin juya maganar, sai ga dariya ta kuɓuce mata, irin wadda rabonsa da ji tun tana yarinya. Ranar Asabar ita da Rifkatu suka tara masu kitson Tudun Wada da na Gidan Dare a tsakar gidan Hajiya Balaraba, kowace aka ba ta tef. Matan nan da suka shekara suna tsaga da ido, yau ga su da tef a wuya kamar teloli, sai wani ɗaga kai suke yi.

Abin da ya biyo baya, duk wanda ya san mata da sabon yayi ba sai an gaya masa ba. Bikin farko aka ga ƙawayen amarya da shuɗiyar atamfa da kitso mai gittawa. A biki na biyu an yi fushi da Uwani a gida biyar saboda ta ce ta ƙare. Matan hafsoshi a bariki suka aiko direba. 'Yan matan sakandare suka dawo hutu da shi. Kafin Babbar Salla, macen da ba ta yi Hankali Kwance ba sai ta riƙa jan ɗankwali har goshi don kada a ga ƙauyancinta. Har Alhaji Siddiƙu ya leƙo ta gefen rumfa yana sosa ƙeya, wai 'ya'yansa mata sun hana shi barci, ko za a taimaka masa da turmi biyu.

"Wa kaka nema?" in ji Alhaji Tambari, yana kaɗa ƙafa. "Tambari, ko Baban Mai Kitso?"

"Baban Mai Kitso, ranka shi daɗe."

Bencin asibiti ya sake cika. Mace ta fito daga gida da kitsonta kamar kowa, ta shiga ɗakin inji, Rifkatu ta gyara tsagar da ta kauce, a manna wayoyi, a cire, ta koma gida ba wanda ya san inda ta je. Malamar makarantar nan ma ta dawo, kuma a sunan da ta je bayan haka, matan da suka janye kwanuka duk kansu irin nata ne.

Sai a lokacin Alhaji ya shiga ƙuryar gida wata safiya, ya tsaya a ƙofar ɗakin Mariyatu ya ce ta shirya. Dakta ce da kanta ta zaunar da ƙanwarta a tsakar gida, ta auna, ta tsaga, ta kitsa. Mariyatu ta ɗauki madubi ta daɗe tana kallo. Ta sha ganin kitson nan a kan baƙin da ke shigowa wurin Hajiya, ba ta taɓa zaton zai hau nata ba. A mota ta manne fuskarta da gilashi har suka isa, tana tambayar uwarta yaushe aka yi wannan gini, yaushe aka sa waccan fitila.

Alhaji ya zauna a benci a waje yana jan carbi, ba ya ma sanin abin da yake karantawa. Bayan wani lokaci Rifkatu ta leƙo ta ce Dakta na kira. Ya shiga. Mariyatu na kwance idonta a rufe, wayoyi sun zauna a mahaɗar tsagoginta, kowace a gurbinta. Alƙaluma na tafiya a natse. Can sai ɗaya daga cikinsu ya zabura ya yi tsini sama, na kusa da shi ya bi, na gaba ya bi, sannan suka lafa. Dakta ta ja takardar baya ta nuna masa irin wannan a wuri uku, kullum alƙalami ɗaya ne ke fara tashi. Ta je ta ɗora ɗan yatsanta a kan ƙanwarta, sama da kunnen hagu kaɗan.

"Ga rumhwan nan, Baba. Nan ihun ka tashi."

Alhaji ya dubi wurin. Faɗinsa bai wuce babban yatsa ba. Abin da ya aika nema Gobir da Zabarma, abin da ya sa ya rufe 'yarsa tun tana ƙarama, ga shi nan an ɗora masa yatsa. Ya dubi 'yar farinsa, da tef a wuya da tawada a yatsu, ya ji alfaharin da ya shekara yana haɗiyewa ya taso masa gaba ɗaya.

"Allah shi yi miki albarka," ya ce, kuma bai kawar da kai ba.

Ba a ce ciwo ya tafi a ranar ba. An fara ƙwaya, an ƙara, an rage, an canza wata. Faɗuwa ta riƙa nisa da juna, daga mako zuwa wata, daga wata zuwa har a manta yaushe rabo. Dakta kuwa takardun mata suka taru mata fal ɗaki, irin waɗanda babu wani mai bincike da ya taɓa samu. Ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta zana hanyoyin da ihun ke bi daga wannan sashe na ƙwaƙwalwa zuwa wancan, ta rubuta, wata mujallar masana ta can waje ta buga. Likitoci suka zo daga Ibadan da Yamai don su ga yadda ake tsagar. Aka rubuto daga Sudan, aka rubuto daga Amurka, inda ashe su ma suna da mata masu gashi irin namu, kuma su ma askewa ake ce musu su yi. Da masu mujalla suka tambayi sunan wannan dabara, ba ta nemo wani na Turanci ba. Wani Bature da ya zo har Sakkwato ya yi ta cewa ya zo koyon "Hankali Kwans", Rifkatu ta gyara masa har ta gaji. Alhaji ya karɓi mujallar ya ajiye a rumfa. Ba ya karanta boko, amma ya san shafin, kuma ya san inda kalmomi biyun nan suke. Duk wanda ya zo sayen atamfa sai ya gani, ko yana so ko ba ya so.

Bayan shekara aka tashi bikin 'yar Alhaji Siddiƙu. Mariyatu ta samu mahaifinta ta durƙusa, ta ce amarya ta aiko mata da anko, tana so ta bi 'yan mata rakiya. Alhaji ya dube ta. Ya tuna makarantar allo, ya tuna yaran da suka watse. Ya dubi Hajiya Balaraba, Hajiya ta dubi ƙasa. Ya ce ta je.

Ranar, bayan la'asar, yana tsaye a ƙofar gidan biki tare da Siddiƙu da sauran dattawa sai 'yan mata suka fito. Sun cika titi, ana guɗa, ana tafi. Dukkansu shuɗiyar atamfa, dukkansu ɗankwali a kafaɗa, domin sabon kitso ba ya son rufi. Suka wuce suka ba dattawa baya. Alhaji ya yi ɗage yana neman tasa. Ya ce waccan ce, ta juyo, ba ita ba ce. Ya ce to waccan doguwar, ita ma ba ita ba ce. Kai bayan kai, tsaga ɗaya, gittawa ɗaya, suna ta nisa.

Siddiƙu ya lura da shi. Shi ya san ciwon Mariyatu tun ranar farko, kuma duk tsokanarsa bai taɓa kai bakinsa nan ba. Ya matso ya tambaya a hankali, "Wa kaka nema?"

"Mariyatu," in ji Alhaji Tambari da ƙarfi, har dattawan da ke gefe suka waiwayo. "Ɗiyata Mariyatu. Tana cikinsu."

"Wace ta?"

Alhaji ya sake dubawa. Hawaye na bin gemunsa, yana dariya.

"Wallahi, Siddiƙu, ban sani ba."